Ƙofar Kare a Buɗe, Ta Inna a Kulle

A gidanmu na unguwar Aƙiƙ an yi sati shida ana lallashin kare ya shiga keji, kuma a cikin satin nan shida uwar da ta haife mu tana kulle a ɗakin bayan gida. Ni Khalida, autarta, da idona na gani, da farko ma har da hannuna na taya. Don haka ba wanda zan yi wa kara a labarin nan, har ni kaina.

Gidan na yayana ne, Bature. Tun da aurena ya mutu nake zaune a wurinsa, in fita da safe zuwa ma'aikatar dabino inda muke tsince ajwa muna jerawa a kwali, in dawo bayan la'asar. Inna Fatna kuwa bara ya ɗauko ta daga tsohon gidanmu na unguwar Ƙurban, da mantuwa ta fara kama ta. Shekara hamsin ta yi a Ƙurban, kuma ba ta taɓa bari Asabar ta wuce ba ta taka da ƙafarta zuwa Masallacin Ƙuba ta yi raka'a biyu ba. Takan manta ko ta ci abinci, takan kira ni da sunan yayarta da ta daɗe da rasuwa, amma Asabar ba ta ɓace mata. Yadda take gane ranar, Allah kaɗai ya sani.

Wata Asabar ta yi alwala, ta zura abayarta, ta buɗe ƙofar gida ta fita, a zatonta Ƙuba na nan bayan layi biyu kamar da. Sai da azahar motar 'yan sanda ta kawo ta. A gefen babban titi suka tsince ta, leɓɓanta sun bushe, takalmi ɗaya a hannu. Maƙwabta suka leƙo. Yaya Bature ya sa hannu a takarda yana murmushin dole, suna juya baya ya haɗe rai.

"Fadiha!" ya ce. "A unguwar nan kowa ya san ni. Dama jira suke su ce ga halin Takarin nan 'yan ƙasar Hausa, sun bar tsohuwarsu tana gararamba a titi."

Washegari kafinta ya zo ya kafa sakata a wajen ƙofar ɗakin bayan gida, wanda aka gina don 'yar aiki, aka rataya kwaɗo. Gado ɗaya, banɗaki, tsohuwar na'urar sanyi mai ƙugi, da taga mai ƙarafa da ke kallon tsakar gida. Sundus, matar Yaya, ta karɓi makulli ta jefa a aljihu.

"Na kwana biyu ne kawai," in ji Yaya, "kafin mu samo mai kula da ita. Don lafiyarta ne, Khalida, ko kin fi so mota ta take ta?"

Ban fi so ba. Na gyaɗa kai. Ran nan ni na kai mata abincin dare, na fito, na danna kwaɗon da hannuna.

A satin ne Fahad, babban ɗan Yaya, ya shigo da kare. Irin wanda ake kira saluƙi ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, wai sunansa Shahin. Yaya ya fara faɗa, najasa ce, mala'iku ba za su shigo ba. Fahad ya ce karen farauta ne, malamai sun halatta, kuma a tsakar gida zai zauna. Fahad saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake mayar mana da amsa, kuma tun yana goye ba a taɓa hana shi abu ya hanu ba. Kafin magariba an kafa wa Shahin rumfa, an sa masa fanka mai feso ruwa.

Matsalar ita ce keji. Fahad yana so ya riƙa fita da karen sahara a bayan mota, shi kuwa Shahin da ya ga kejin sai ya noƙe wutsiya ya ja baya. Aka ɗauko mai horon karnuka, wani Abdulrauf, yana zuwa duk Talata da yamma. Ina wanke-wanke ta tagar kicin nake jin darasinsa.

"Shuwayya-shuwayya," yake cewa, a hankali, a hankali. "Kada ka tura shi. Ɗaure ƙofar a buɗe, kada iska ta rufe ta ya tsorata. Yau ka ajiye abincinsa kusa da keji, jibi a bakin ƙofa, bayan kwana uku a ciki. Ka shimfiɗa masa tsohuwar rigarka ya riƙa jin ƙanshinka. Kuma ko da wasa kada ka sa shi ciki don hukunci."

Wallahi ban taɓa sanin Fahad yana da haƙuri haka ba. Yaron da ba ya iya jiran shayi ya huce, sai ga shi zaune dirshan a ƙasa awa guda, da guntun kaza a tafin hannu, yana magana ƙasa-ƙasa. Ranar da Shahin ya zura ƙafa ɗaya cikin keji, sai da ya ɗauki hoto ya tura wa dangi.

Taku goma ne tsakanin kejin da tagar Inna. A satin farko bugun ƙofa take yi tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. In na dawo aiki na karɓi makulli na shiga, sai ta kama hannuna ta ja ni bakin taga.

"Auta, wancan me ya yi?"

"Ba abin da ya yi, Inna. Koya masa ake yi."

Ta daɗe tana kallo. "To ai shi ƙofarsa a buɗe take," ta ce.

Na hau gyara mata shimfiɗa.

Asabar ta farko, kafin in fita aiki na leƙa ta. Ta yi alwala, ta sa abaya, tana tsaye a bayan ƙofa da takalmanta a hannu. Na tarar da Yaya yana karin kumallo na ce, "Yaya, yau ba ka da aiki. Minti ashirin ne a mota. Ka kai ta Ƙuba ta yi raka'o'inta ka dawo da ita."

Ya yagi gurasa ya dangwali wake. "In na kai ta yau, kullum za ta nema. Abin da ya fitar da ita ke nan. Gara ta manta."

"Ta manta da Ƙuba?"

"An ɗauke mata alƙalami, Khalida. Allah ba zai tambaye ta ba."

Na so in ce mu fa, za a tambaye mu? Na haɗiye, don a gidansa nake ci nake kwana. Da na dawo da la'asar tana nan zaune a ƙasa a bayan ƙofar, abayar ta jiƙe da gumi, ba ta saki takalman ba.

Kwana biyun Yaya suka zama sati biyu. Mai kula da ita ba ta zo ba. In na tambaya, yau takardu ne ba su fito ba, gobe ba a samu mai jin Hausa ba. Sundus kuwa amsarta ɗaya ce: "Ni ke wuni da ita, ke kina can kina tsince dabino. Kin san yadda bugun nan ke sara mini kai?" Ran da 'yan'uwa suka zo daga unguwar Al-Sih, aka fito da Inna, aka yi mata wanka, aka turara ta da turaren wuta, aka zaunar da ita a falo. Suna ta sa wa Yaya albarka, ɗa na gari mai riƙe uwa. Motarsu ba ta gama fita layi ba aka mayar da ita.

A sati na uku ne aka yi abin da har yau ban manta ba. Ranar Juma'a muna cin shinkafa da rana, bugun ƙofa yana tasowa daga bayan gida, dum, dum, dum. Sundus ta dafe goshi. Fahad kuwa labarin karensa yake ba mu, cewa an kai matakin rufe keji, ya rufe ya ƙirga goma ya buɗe, yana zaune a gefe.

"In ya yi kuka fa?" in ji Sundus.

"Abdulrauf ya ce kada a buɗe yana cikin kuka. In ka buɗe, ya koyi cewa kuka ke buɗe ƙofa. Ka jira ya yi shiru, sannan ka buɗe."

Yaya ya ajiye cokali. Ya dubi matarsa. "Kin ji? Kuskurenmu ke nan. Tana bugawa kina rugawa. Daga yau ba mai buɗe mata tana bugu. In ta yi shiru, a kai mata abinci."

"Yaya!" na ce. "Inna ce fa! Dokar kare za ka ɗora mata?"

"A'uzubillahi, wa ya ce kare? Hikima ce, ko ina ka same ta ka ɗauka. Kin fi ni sonta ne? Wa ya ɗauko ta daga Ƙurban? Wa ke kai ta asibiti? Ko gidan gajiyayyu kike so in kai ta, duniya ta zage mu?"

Fahad ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya kalli fuskar ubansa, ya mayar da kai kan faranti. Cikin duk abin da mai horon nan ya koyar, buɗaɗɗiyar ƙofa, zama a gefe, tsohuwar riga, wannan guda ɗaya Yaya ya tsinta.

Aka bi doka. Ran farko ta yi bugu tun hantsi har azahar, abincinta yana kan tire a kicin yana sanyi. Rana ta biyu gefen hannunta ya kumbura, na shafa mata man zafi tana kallona kamar ba ta san ni ba. Rana ta huɗu bugun ya koma ƙwanƙwasawa da yatsa. Ƙafafunta suka fara hawa saboda rashin tafiya, macen da ta saba taka Ƙurban zuwa Ƙuba ba ta nishi. Ta rage cin abinci. Ta daina zuwa taga. In na shiga sai in same ta a bakin gado, hannaye a kan cinya, tana kallon ƙofa.

Na yi kuka a banɗaki, na yi kuka a motar ma'aikata, amma kukan bai cire ko ƙusa ɗaya daga jikin sakatar ba. Tsoro ne ya riƙe ni, in faɗi gaskiya, tsoron inda bazawara za ta nufa in yayanta ya ce ta fita.

A sati na biyar gidan ya yi tsit. Ba bugu, ba kira.

"Kin gani?" in ji Yaya yana murmushi. "Ta saba. Da ma haƙuri abin yake so."

Asabar ta shida na karɓi makulli da sassafe na shiga. Abayar tana rataye a ƙusa. Takalman suna ƙarƙashin gado. Inna tana kwance ta fuskanci bango.

"Inna, yau wace rana?"

Ta juyo a hankali. "Rana?" ta ce. "Ban sani ba, 'yar nan. Ke 'yar wace ce?"

Na tafi aiki, amma ban san me hannuna ya tsince ba ran nan. Abu ɗaya da mantuwa ta kasa ƙwace mata shekara guda, mu 'ya'yanta mun ƙwace shi a sati shida.

Da na dawo bayan la'asar na tarar da su a tsakar gida, an fito da kujeru da butar gahawa. Fahad zai nuna abin da ya cim ma. Ya nuna keji da yatsa ya ce kalma ɗaya. Shahin ya taka da kansa ya shiga, ya zagaya sau biyu, ya kwanta a kan tsohuwar rigar, ƙofa a buɗe. Sundus ta tafa. Yaya ya ce, "Masha Allah, ka ga aikin haƙuri."

Ban cire abayata ba. Na tsaya a tsakiyarsu na ce, "Fahad, in tambaye ka. In ka rufe shi, awa nawa kake barinsa?"

"Uku, ya Ammati," ya ce, wato Gwaggo da Larabci. "Iyaka huɗu."

"In ya wuce haka fa?"

"Abdulrauf ya ce zalunci ne. Kare yakan lalace, ya daina ci, ya daina wasa."

"In ya yi shiru, alamar ya saba ke nan?"

"Ba kullum ba. Wani shirun na wanda ya fid da rai ne."

"Madalla. Kakarka satinta nawa?"

Ba wanda ya tafa. Akwatin kayan aikin da Fahad ya haɗa kejin da su yana nan gindin rumfa. Na buɗe na ɗauki sukundireba, na nufi ɗakin bayan gida. Makullin ban ma nema ba, don wanda aka ba ni yau gobe za a karɓe.

"Khalida!" Yaya ya miƙe. "In kika taɓa ƙofar nan, ki nemi wani gidan."

"To, Yaya. Zan nema. Amma da ita zan fita, ta ƙofar gaba, da rana tsaka, kuma duk maƙwabcin da ya tambaye ni dalili zan gaya masa. Fadihar da kake gudu, ni zan kai musu ita har gida."

Ƙusa ta farko ta ƙi juyawa. Na sa ƙarfi har tafina ya yi ja. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sakatar ta faɗo ƙasa da kwaɗonta a rufe. Na tura ƙofar har ta bugi bango, hasken yamma ya shiga ɗakin.

"Inna, fito. An buɗe."

Tana zaune a bakin gado. Ta kalli ƙofar, ta kalle ni, ta hango Yaya a bayana. Sai ta ƙanƙame hannayenta a ƙirji, ta ja jiki can ƙuryar gado.

"Ban buga ba," ta ce. "Wallahi ban buga ba. Na yi shiru ai."

Na ji Sundus ta ja numfashi. Fahad ya juya ya ba mu baya, kafaɗunsa suna motsi. Yaya ya shige cikin gida. Ni kuwa ban yi kuka ba, na gaji da wannan. Na kwance ɗankwalina na ɗaure hannun ƙofar a jikin ƙarfen taga, kada iska ta rufe ta, na zauna a bakin ƙofar.

Washegari na ɗauki hutu a wurin aiki. Yaya bai kore ni ba, bai kuma sake yi mini magana ba, sai dai ya wuce kamar bai ga mutum ba. Oho. Na kawo katifata ɗakin. Ban ja ta ba, ban roƙe ta ba. Shayinta na safe na fara ajiyewa a gefen gado, washegari na matsar da shi kamu ɗaya wajen ƙofa, jibi wani kamun. Ina zaune ina tsince shinkafa ina yi mata hirar Ƙurban, mai gurasar kan kwana, maƙwabciyarmu mai awaki, inuwar dabinon da takan huta a ciki in ta dawo daga masallaci. Abin kunya ne a ce a bakin mai horon kare na koyi yadda zan bi da matar da ta koya mini tafiya, amma a nan na koya.

Rana ta biyar ta zura ƙafa ɗaya waje ta mayar da sauri. Rana ta tara ta zauna a tsakar gida minti biyu, idonta a kan ƙofar cikin gida. Fahad ya fara zuwa yana zama nesa kaɗan, yana kiranta kaka da Larabci, yana gaishe ta da gurguwar Hausarsa, "Sitti, ina kwana," ko da yamma ne. Asabar biyu suka wuce ba ta san sun wuce ba. Ban ce mata komai ba, sai dai duk ranar nakan ciro takalman daga ƙarƙashin gado in ajiye inda za ta gan su.

Asabar ta uku, ƙarar ruwa ce ta tashe ni bayan na koma barcin safe. Na buɗe ido na gan ta tsaye, fuskarta da danshin alwala, ta sa abayar a bai-bai, takalma a hannu.

"Auta," ta ce, "yau ba Asabar ba ce?"

"Asabar ce, Inna."

"To me muke jira?"

Na gyara mata abayar, na durƙusa na sa mata takalman. Kafin mu ƙetare tsakar gida Fahad ya riga ya tayar da mota, ba wanda ya aike shi. A bakin ƙofar gida muka tarar da Yaya tsaye da kofin gahawa. Inna ta ƙanƙame hannuna, amma ba ta ja baya ba.

"In ta ɓace," ya ce, maganarsa ta farko gare ni cikin sati uku, "ke kika sani."

"Hannunta yana cikin nawa, Yaya. Abin da take buƙata ke nan tun ran farko."

Na zura ɗaya hannun cikin jaka na ciro sakatar nan da kwaɗonta, har da ƙusoshin huɗu, na damƙa masa.

"Ungo kayanka. Ka adana da kyau, kada su yi tsatsa. Kai ma furfura ta fara fito maka, kuma duk abin da ka yi, a gaban ɗanka ka yi shi."

Ya kalli ƙarfen da ke tafinsa, ya ɗaga kai ya kalli Fahad da ke riƙe da ƙofar mota. Fahad bai sunkuyar da kai ba.

Inna ta ja hannuna. "Mu tafi, Auta," ta ce, "kada rana ta yi."